Wushiryar Husseina Mai Ƙosai

Idan baƙo ya sauka unguwar Nyohini ta Tamale da safe yana neman inda Husseina take suyar ƙosai, ba a yi masa dogon kwatance. Cewa ake yi ya bi hanyar masallaci ya kasa kunne, inda ya ji mace tana ƙyaƙyata dariya har tana tsorata kaji, to nan ne. Dariya ce mai tasowa daga ciki. Takan ɗaga kai sama, ta bugi cinya da hannun da ba ya riƙe da matsami, wushiryarta ta fito fili, faffaɗa, irin wadda mata suke cewa da sayar da ita ake yi da sun saya. Masu moto, wato babur, da yawansu ƙosan ba shi ne ya dame su ba, zuwa suke su tsokane ta don su ji.

Amma duk faɗin Tamale babu hoto ko ɗaya da ya kama dariyar nan. Husseina tarbiyyar uwarta ce, wata Bahaushiyar zango mai tsauri, wadda ta ce matar kirki ba ta buɗe wa na'ura haƙora. Da an ɗaga waya, ko an kira mai hoto ranar suna, sai Husseina ta gyara mayafi, ta tsuke baki, ta ƙura ido kamar wadda aka kai ƙara gaban alƙali. Ana sauke waya dariya ta dawo. Haka take a hoton aurenta, haka take a katin zaɓe. Abin bai taɓa damunta ba, don ba ta ga dalilin ajiye abin da take rabawa kyauta kowace safiya ba.

Su tagwaye ne, ita da Hassana, 'ya'yan Andani tela. Fuska ɗaya, wushirya ɗaya, har uban nasu yakan kira wannan da sunan waccan. Sharfaddeen auta ne, ya zo bayan an gama fid da rai. Wata shekara mai tsananin zafi, suna 'yan mata, sanƙarau ya ɗauke Hassana cikin kwanaki kaɗan, uwar kuma ba ta daɗe ba ta bi ta. Husseina ce ta goya Sharfaddeen. Tana suya yana bayanta, ta kai shi makaranta, ta wanke masa kashi da majina, ko da ta auri Abdul-Karim mai gyaran moto da ƙanin nata ta tare. Akwai abin da ba ta faɗa wa kowa ba sai 'yarta Maltiti: idan kewar Hassana ta taso mata, madubi take ɗauka ta yi wa kanta dariya, sai ta ga 'yar'uwarta tana mayar mata.

Sharfaddeen ya fara ne da rubutun allunan shaguna. Ya zana kawunan maza a ƙofar masu aski, ya zana kitso a ƙofar masu kitso, ya zana wa wani mai tsire akuya wadda har yau ana gardama ko kare ce. Sana'a ce ta halak, ba mai raina ta. Sai ya samu gurbi a wata makarantar zane a Kumasi, ya tafi, ya dawo da hula mai lanƙwasa gefe ɗaya, da tsumma a wuya cikin zafin Tamale, da tabarau wanda babu magani a cikinsa. Ya kama ɗaki a unguwar Bulpiela ya ce sunansa situdiyo. Duk wanda ya kira shi mai fenti sai ya ɓata rai, shi atis ne. Cikin duk abin da aka koya masa a can abu ɗaya ya riƙe da kyau, wato masu sayen zane a Akara da ƙasashen waje suna son ganin matar Arewa, kuma sun fi son ganinta cikin baƙin ciki.

Matar Arewa kuwa yana da ita a gida, ba sai ya biya ba.

Ga yadda yake aikinsa. Da safe zai zo ya zauna a bencin masu shan koko, ya ci ƙosai har ya ƙoshi, ya fito da waya ya ɗora a gwiwa yana jira. Idan wani mai moto ya yi barkwanci Husseina ta fashe da dariya, sai Sharfaddeen ya sunkuyar da kai yana latse-latse, kamar mai jiran ruwa ya ɗauke. Idan iska ta juyo da hayaƙin ice ya shige mata ido, ko tana yankan albasa, nan ne za ka ga ya zabura ya ɗaga waya. Daga hotunan nan yake zanawa a ɗakinsa.

"Sharfa, kai sai ina hawaye kake ganina?" ta taɓa tambayarsa.

"Yaya, dariya ba ta da imoshin," in ji shi, bakinsa cike da ƙosanta. "Kowa ya iya dariya. Abin da ke ciki nake nema."

"Abin da ke ciki ai wake ne da albasa," ta ce, bencin ya kwashe da dariya, shi kuma ya koma latsa wayarsa.

Ranar da hayaƙi ya ƙi ba shi haɗin kai, yana da wata dabara, kuma ita ce mafi muni. Sai ya bari ta natsu, ya sassauta murya ya ce, "Yaya, jiya na yi mafarkin Yaya Hassana." Yaron da ko fuskar Hassana bai riƙe ba, yana rarrafe ta rasu! Amma sunan kawai ya isa. Hannun Husseina ya tsaya a kan kasko, fuskar ta sauka, idon ya tafi wani wuri can. Kafin ta dawo ya riga ya ɗauka. Ta gane tun karon farko, don Husseina ba sakarya ba ce. Ta raina abin, ta raina mai yin sa, amma ɗa ne a wurinta, ta ƙyale shi. Da Maltiti ta girma ta fara jin haushi, sai uwar ta ce mata, "Bar kawunki. Kowa da abin da yake soyawa, shi ni yake soyawa."

Kuma suyar ta karɓu. Aka yi masa baje kolin zane a wani babban ɗaki a Akara, Maltiti ta nuna wa uwarta a waya. Bango bayan bango, Husseina ce. Ga ta ta yi tagumi, ga ta tana kallon ƙasa, ga ta da hawaye ya tsaya a gefen hanci, an zuba mata shuɗi da toka-toka a fuska kamar wadda ta kwana uku ba ta ga tuwo ba. A gaskiya ya iya hannu, duk wata tamoji da ke goshinta ya san inda take. An yi rubutu da Turanci a bakin ƙofa, Maltiti ta fassara: wai mai zanen nan ya ba wa matan Arewa marasa magana murya. Labarin ya zaga Nyohini kafin azahar. Husseina ce marar magana? Matar da liman ya taɓa aiko wa cewa don Allah ta rage sauti idan ana karatun safe? Ita kanta ta yi dariya ranar har ƙosai ya ƙone.

Bayan haka wasu mata suka zo daga Akara a farar mota, Sharfaddeen yana gaba yana nuna hanya, sun zo ganin matar da ke cikin zanen. Suka tarar da ita ɓul-ɓul, tana zagin wani direban yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, cikin raha wai ya ci ƙosai ya bar mata yaji. Ka ga fuskokinsu, kamar an sayar musu da jabun kaya. Abdul-Karim, bawan Allah wanda ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi, ya zo wucewa ya gaishe su, suka bi shi da harara don sun riga sun yanke cewa shi ne sanadin hawayen. Ɗaya daga cikinsu, mai ƙaton ɗan kunne na katako, ta sa Sharfaddeen ya tambayi yayarsa ko da dariyar nan take ɓoye ciwon da ke ranta.

Husseina ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce, "Tambaye ta, da yaji za ta ci ko babu?"

Haka rayuwa ta ci gaba, shi yana ƙara suna, hular tana ƙara lanƙwasa, ita tana suyarta. Sai wata safiya da damina, ta kai kofin koko baki, ta ji yana zubo mata ta gefen hagu har wuya. Ta goge, ta sake kurɓa, ya sake zubowa. Wani mai moto da yake shirin tsokanarta ya tsaya cak, ya ce da Hausarsa ta zango, "Hajiya, bakinka ya karkace." A asibiti aka ce hawan jini ne ya taɓa ta. Hannun da ya yi nauyi ya dawo, ƙafa ta dawo, amma ɓarin fuskar ya ƙi. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila a'a. Aka yi gashi, aka yi rubutu, aka shafa duk abin da maƙwabta suka kawo, fuska tana nan inda ta tsaya.

Idon hagu ba ya rufuwa sosai, kullum yana tsiyayar ruwa, ko tana murna ko tana fushi. Ranar da ta koma bakin kasko wani ya yi barkwanci, ta manta ta saki dariya. Rabin bakin ya ja sama, rabi ya rataye, sautin ya fito da wani huci, 'yar wata mai sayen koko ta ƙwalla ƙara ta ɓoye a zanen uwarta. Daga ranar Husseina ta ja mayafi ta rufe daga hanci zuwa ƙasa. Masu moto suna zuwa har yanzu, amma ci suke su tashi. Madubin ɗakinta kuwa ta kife shi, don Hassana ba ta cikinsa kuma. Abin ya ci ta ƙwarai, ta yi kuka irin na gaske, ba na albasa ba.

A lokacin Maltiti tana da tsohon ciki na fari. Tunanin da ya hana Husseina sukuni shi ne, abin da za a haifa zai buɗe ido ya ga wannan fuskar, kuma ita kaɗai zai sani. Idan ya girma ya nemi kakarsa a waya, matar da ke bangon Akara za a nuna masa. Ta sa Maltiti ta bi wayoyin dangi da na maƙwabta. Ko'ina baki a tsuke. Abu ɗaya aka samu, bidiyon bikin wata 'yar unguwa, ana jin dariyar Husseina ta cika wurin, amma amarya kaɗai mai ɗaukar yake nunawa.

Saura mutum ɗaya. Ta aika a kira Sharfaddeen.

Ya zo, hula da tsumma da komai. Sau ɗaya ya leƙa ta a asibiti, ya ce aiki ya yi masa yawa. Ta sauke mayafin don ta yi masa magana sosai, sai ta ga yadda yake kallonta, irin kallon da mahauci yake yi wa saniya mai ƙiba. Ta yi kamar ba ta gani ba.

"Sharfa," ta ce, maganar tana fita da ƙyar ta gefe ɗaya, "tun da na sauke ka daga bayana ban taɓa roƙonka komai ba. Ka zana ni ina dariya. Yadda nake da. Guda ɗaya, ba na Akara ba, na ɗakin Maltiti. Ina so jikana ya gani."

"Haba Yaya, wannan ai ba aiki ba ne," ya ce yana gyara tabarau. "Ni da na san fuskarki fiye da madubi? Ido rufe ma zan yi shi."

Ta yarda. Me zai hana ta yarda? Mutumin nan ya shekara da shekaru zaune a gabanta kowace safiya, babu wanda ya kalle ta kamarsa, ko mijinta. Ta soma ƙirga ranaku a ranta kamar yarinya mai jiran ɗinkin salla. Har ta sa Abdul-Karim ya buga ƙusa a bangon ɗakin Maltiti.

Ido rufen ya ɗauki makonni. Ranar da ya gama zanen bai kawo shi gida a asirce ba, ina, Sharfaddeen ba ya aikin da ba 'yan kallo. Da hantsi ya iso bakin kasko a yalo-yalo, zanen a naɗe cikin farin ƙyalle, ya jingina shi da bango, ya jira masu moto da matan unguwa suka taru. Maltiti ta zo tana riƙe da ƙugu. Ya yi ɗan jawabi a kan yadda aikin ya wahalar da ruhinsa, sannan ya yaye ƙyallen.

Mayafin nata ne, mai ruwan goro. Goshin nata ne, tamoji bayan tamoji. Ga ɗan tabon ƙunar mai a haɓa, bai manta ba. Idanun ma nata ne, amma irin na ranar da aka ambaci Hassana, sun tafi can wani wuri. A ƙarƙashinsu kuma an manna wani baki a buɗe, haƙora farare tas, jere reras ba ko tsaga, irin waɗanda yake zana wa masu kitso tun kafin ya san hanyar Kumasi.

Wani tsohon mai moto ya karkata kai ya duba ta wannan gefe, ya duba ta wancan, ya ce, "Cale, abokina, wannan ba shi ba ne. Ya yi kyau paa, amma ba Hajiya ba ne."

"Kawu," in ji Maltiti, "ina wushiryar Mma?"

"Wushirya?" Sharfaddeen ya dubi zanen, ya dubi mayafin da ya rufe bakin yayarsa. Ya ɗan yi dariyar borin kunya. "Af, ƙaramin gyara ne wannan, yau ma zan yi shi." Sannan ya ce, "A sama take ko a ƙasa?"

Wata mata ta ce innalillahi a hankali. Wushiryar da yaran unguwa suka sani, da direbobin garin Yendi masu tsayawa shan koko suka sani! Abin da Husseina ta ji ba baƙin ciki ba ne, raini ne tsantsa. Ta tuna duk safiyoyin da ta ɗaga kai tana dariya, ta ga ƙeyarsa a sunkuye kan waya. Ashe ko sau ɗaya bai ɗago ba.

Ta sauke mayafin a gaban kowa, abin da ba ta yi ba tun ranar da yarinyar nan ta yi ƙara. Ta sa ɗan yatsa ta ɗage leɓen da ya rataye don ya gani. Ciwo bai taɓa haƙora ba, wushirya tana nan inda Allah ya ajiye ta. Idon hagu yana ta zubar da ruwansa kamar kullum, ya gangaro ta kan yatsan.

Sharfaddeen bai dubi haƙoran ba. Hawayen ya bi da ido, hannunsa ya riga ya shiga aljihu.

"Yaya, tsaya haka," ya ce da sauri, har numfashinsa yana sama. "Don Allah kar ki motsa. Wannan shi ne abin da nake nema tun da daɗewa."

Ta saki leɓen. Ta mayar da mayafi kafin wayar ta gama fitowa. Ba ta zage shi ba, ko da yake ta iya zagi fiye da kowa a layin nan. Ta sunkuya ta zaro wani siririn ice daga murhu, bakinsa ja wur, ta taka zuwa inda zanen yake, ta saita tsakanin haƙoran gaba na sama, ta danna. Fenti ya yi ƙauri, ƙyallen ya huje.

"Yaya! Kin san wahalar da na sha a kan wannan?"

"A sama take," ta ce. Ta mayar da icen cikin wuta, ta ɗauki matsami ta juya ƙosanta.

Ko da ramin, ba ita ba ce, Maltiti ta faɗa, ita ma ta sani. Zanen bai hau ƙusar da aka buga masa ba. Husseina ta jingina shi a bayan murhu ta gefen da iska take kaɗowa, ya kuwa yi amfani, wuta ta daina watsewa. Ba a yi kwana nawa ba Sharfaddeen ya dawo yana sosa ƙeya, wai ya tura wa mai ɗan kunnen katako hoton ƙonannen zanen, ta ce ƙunar nan ita ce ta ba shi imoshin, a turo shi Akara. Husseina ta ce masa yana tare mata iska. Ta zuba masa ƙosai a takarda kamar yadda ta saba, ta ce ya tafi ya ci a Bulpiela, bencin na masu saye ne.

Maltiti ta sauka lafiya, aka samu mace, aka sa mata Kadiatu. Yarinyar ta buɗe ido ta tarar da kaka mai rufe baki da mayafi, mai ido ɗaya da ba ya bushewa, wadda ba ta cika magana ba, kamar dai yadda aka rubuta a bakin ƙofar nan ta Akara.